Raba

Mijina ya faɗi wata Talata da hantsi, a falo, da tiyon canjin ruwan kifayensa a hannunsa. Ina ɗaki kan keken ɗinki na ji ƙarar, na ɗauka bokiti ne ya kife, har na buɗe baki zan fara masifar ruwan da zai jiƙa mini kafet. Da na leƙo sai na gan shi kwance ta gefen dama, baki ya karkace, ruwa na ta bulbulowa daga tiyon yana bin ƙarƙashin kujeru. Kwana goma sha tara muka yi a asibiti, suka ce shanyewar ɓarin jiki ce. Muka dawo gida da keken marasa lafiya da leda cike da magani. Mutumin da a da sai an roƙe shi ya yi shiru, yanzu kalma ɗaya tak ta rage a bakinsa, ita ce "raba".

Baban Auta mai yankan gilashi ne. Shekara talatin da ɗaya yana yanka wa mutane tagogi da tebura da akwatunan nuna kaya, kuma ban taɓa jin an dawo masa da aiki an ce bai shiga ba. Abin da nake yaba masa ke nan. Abin da ba na yaba masa shi ne tankin da ya haɗa da hannunsa ya dasa mana a falo, tsawonsa taku biyar nawa, ya cinye bango guda, injin iskarsa na gurnani ba dare ba rana. Kifi biyu ne a ciki, kuma ba irin masu launi da yara ke kallo su ji daɗi ba.

Dogo yauni ne. A kwalbar zuma ya zo gidan nan, bai kai tsawon yatsata ba, ya girma har ya fi hannun mutum tun daga kafaɗa. Yana da wani siririn reshe a gadon baya da ke kaɗawa kamar gefen labule, kuma yana tafiya da baya kamar yadda yake tafiya da gaba. In Baban Auta ya ƙwanƙwasa gilashi sau uku da zobensa, duk inda Dogo yake sai ya zo ya tsaya saitin fuskarsa. Ɗayar kuwa gaiwa ce, wani masunci ya ba shi, ya sa mata suna Tsohuwa. Mummuna ce ta ƙarshe, ƙananan idanu, hannuwa kamar zare. Wuni take yi kwance a ƙasa ba motsi, sai can ta taso ta shaƙi iska ta koma. Dukkansu nama suke ci. Rabin firizata ƙananan kifaye ne na abincinsu, kuma na sha faɗa masa wata rana zai dawo daga shago ya tarar na soya su duka biyun na kai wa maƙwabta.

Ba wasa nake yi ba, na tsani kifayen nan. In ya fara labarinsu sai in ƙara wa keke gudu.

Likitar gashin ƙashi da ke zuwa mana sau biyu a mako ita ta fara lura. Ta ce duk abin da ta yi masa ba ya ɗaga kai, amma da ta juya kekensa ya fuskanci tanki sai wuyansa ya miƙe, hannun hagu ya fara motsi. Ta ja ni ƙofa ta ce in kula da kalmar nan tasa kamar ƙwai, duk lokacin da ya faɗe ta in amsa masa, in nuna masa ana jin sa, don daga ita ake fatan sauran su biyo. Ta ce abin da take tsoro shi ne ya gaji ya daina gwadawa, in ya daina, aikinta ya ƙare. Tun ranar na san abin da ke gabana. Na ɗaure zani na koyi canja ruwa, na koyi wanke auduga ta injin, na koyi kankare gansakuka. Akwai wasu sirara biyu na gilashi da ya manna a tsaye daidai tsakiyar tankin ta ciki, gaba da baya, kullum nan datti ke maƙalewa. Nakan kankare su da tsohon buroshin haƙori ina tsaki, ina cewa mutum da iyayi, ko uban me wannan yake yi.

Damuwar ita ce ba wanda ya san me yake so a raba. Tambaya ba ta da amfani, don ciwon ya rikita masa e da a'a. Ka ce ruwa kake so, ya gyaɗa kai, ka kawo ruwan ya kau da fuska. Mun ba shi biro ya yi wasu layuka kamar kaza ta taka tawada. Abin da kawai yake yi shi ne ya kalli tanki, ya ɗaga hannun hagu da ƙyar, ya ja layi a iska daga sama zuwa ƙasa, ya ce raba.

Yaya Babba, wansa, ya zo dubiya mako na biyu, ya zauna ya cika kujera ya ji kalmar sau uku. Sai ya gyara zama, ya yi ƙasa da murya kamar mai jimami, ya ce ai magana a fili take, ƙaninsa ya san halin da yake ciki, so yake a raba shagon da kayan aiki tsakanin yara tun yana gani. Har ya fara lissafa wanda ya dace da injin goge bakin gilashi. Ni kuwa jinina ya hau.

"Yaya, mijina bai mutu ba," na ce masa. "Yana jin ka. In shayin ya ishe ka a ɗauke kofin."

Ya tashi yana cewa ni dama bakina ba shi da linzami. Bai sake zuwa ba sai da aka yi wata guda, kuma ban yi kewarsa ba.

Da ya tafi na tsaya ina kallon Baban Auta, shi yana kallon tanki, sai na ji kamar an kunna fitila a kaina. Yara shida na raina a gidan nan. Shekara ashirin ba kalmar da na fi ji a bakin mutumin nan in an sauke tukunya kamar ita: raba musu, raba daidai, kada babba ya danne ƙarami. Shi mutum ne da ko lemo ɗaya ya shigo da shi sai an ɓare an ƙirga ɓangarorin. Ni kuma tun da na karɓi aikin kifayen nan watsa musu abinci kawai nake yi ta tsakiya, mai ƙarfi ya ɗauka. Na ce a raina, Allah sarki, bawan Allah, yana kwance ma adalcin abinci ne ya dame shi. Har layin da yake ja a iska na gane, wuƙa ce take sauka.

Washegari na kawo katakon yanka na ɗora a cinyarsa. Na jera ƙananan kifaye goma, na ware biyar nan biyar can. Guda ya fi sauran girma, na ɗauko tef ɗin awona na auna, na yanka shi biyu a gabansa. Na zuba na Dogo ta wannan ƙarshe, na Tsohuwa ta wancan.

"Ka gani, Baban Auta? Na raba. Daidai wa daida."

Ya rufe ido ya daɗe bai buɗe ba. Na ɗauka hankalinsa ne ya kwanta, kuma wallahi na ji daɗi har cikin raina. Na kira Auta, 'yarmu ta ƙarshe da ke aure a wata unguwa, na ce mata na gano bakin zaren. Ta yi ta sa mini albarka kamar ita ta haife ni.

Amma bai daina faɗa ba, ƙaruwa ma ya yi. Na ce to ko rabon ne bai yi masa ba, na koma aunawa a ma'aunin fulawa. Cikin kwanakin nan Dogo ya canja. Bakin wutsiyarsa ya yi fari, ya zare kamar gefen tsohon tawul. Ya bar yawonsa na gaba da baya, ya koma saman kusurwa kusa da bututun injin ya lafe a nan. Da Auta ta zo na nuna mata, ta ce kewar Baba yake yi, wata biyu bai ji ƙwanƙwasar zobe ba. Ta kama hannun ubanta ta buga gilashin da shi sau uku. Dogo ya ɗan juyo, ya kalli ƙasa inda Tsohuwa take kwance, bai sauko ba. Muka zauna ni da ita muka sha kukanmu wai kifi ma ya san rashi. Shi kuwa uban yana ta cewa raba, muna ce masa an raba, Baba, an raba.

Sai na lura da wani abu. Rabon Dogo ba ya cinsa, yana nutsewa ƙasa, Tsohuwa ta gama da nata ta ja ciki a hankali ta zo ta share nasa. Ta yi ƙiba har ta fi cinyata kauri. Nan fa raina ya ɓaci. A gidana ba a yin haka. Yaron da ya ci nasa ya ci na ƙaninsa, gobe zai zauna ya kalli wasu suna ci, haka na yi wa babbanmu kuma ya shiryu. Na tsaya gaban tankin na nuna ta da yatsa na ce mata ta ci na jiya ta ci na gobe, ba ta da rabo a wajena sai ta yi hankali. Na koma miƙa wa Dogo abinci a baki da ƙarfen ɗaukar gawayi, in bai karɓa ba in janye. Ita ko ƙwaya ɗaya ban ba ta ba, kwana huɗu cur.

Kwana huɗun nan Baban Auta bai ci abin kirki ba shi ma. Da ya ga na rufe robar abinci ban zuba mata ba sai ya fara buga hannun keke, yana kallona, yana kallon ƙasan tanki, jijiyar wuyansa ta tashi. Na ce masa ya kwantar da hankalinsa, ai horo nake mata, na ga zaluncin da yake nuna mini tuntuni. Hawaye ya zubo masa ta idon hagu. Na share masa da gefen mayafina, na ce kai ma ka cika tausayi, shi ya sa yara suka raina ka.

Rana ta biyar ina da ɗinkin da zan kai wa wata mata, tituna uku daga gidanmu. Na shirya shi, na ba shi magani, na tura kekensa gaban tanki kamar kullum, na taka birki biyun don kada ya zame. Na leƙa ta katanga na ce wa maƙwabciyata ta riƙa saurara mini shi. Misalin sha ɗaya na fita. Matar ta ce hannun rigar ya matse, na zauna na warware na sake kamawa, ta kawo ruwan sanyi, muka taɓa hira. Ban kai awa biyu ba.

Tun daga ƙofar gida na ji shiru, sai gurnanin injin. Ruwan tankin ya yi duhu, ja-ja, kamar wanda aka wanke nama a ciki. Dogo na yawo a sama, ciki a buɗe, daga tsakiyarsa zuwa wutsiya babu. Bakinsa na ɗan motsi tukuna. Tsohuwa na kwance a wurinta na kullum kamar ba abin da ya faru. Baban Auta ya zamo rabi daga kujerar, ɗamarar da nake ɗaure shi da ita ta shaƙe shi a hammata, hannun hagu a miƙe bai kai gilashin ba, saura kamar tafi ɗaya. Ya yi ta jan keken, birkin da na taka ya hana. Rigarsa ta jiƙe sharkaf da gumi da yawu.

Na fita ina kiran maƙwabciya, na tambaye ta ba ta ji komai ba? Ta ce ta ji shi mana, ya fi rabin awa yana faɗar kalmar nan tasa da ƙarfi, har muryarsa ta dushe. Ta ce ta ɗauka irin na kullum ne, kuma ai ni ce na ce mata na riga na gane abin da yake nufi.

Na gyara masa zama, na canja masa riga, bai kalle ni ba. Sai na ce bari in kwashe gawar in zubar da ruwan nan kafin warin ya tashi. Dogon tiyon da ake zuƙe ruwa da shi tun ranar da ya faɗi Auta ta cusa shi bayan katakon da tankin ke kai, ni gajeren nake amfani da shi. Na durƙusa na zura hannu ina lalube, sai na taɓa kwali. Na jawo shi da ƙyar, mai nauyi, an naɗe shi da tsohon bargo an ɗaure da igiya irin ɗaurin da yake yi wa aikin da zai kai wa mai shi. Na kwance.

Gilashi ne mai kauri, an goge bakinsa sumul, an huda masa ƙananan ramuka a jere don ruwa ya riƙa wucewa. A kusurwa ya manna takarda kamar yadda yake yi wa kowane aiki, da rubutunsa mai karkata. An rubuta "Raba. Dogo hagu, Tsohuwa dama." A ƙasa ya sa kwanan wata, ranar Litinin, kwana ɗaya kafin ya faɗi.

Nan na zauna a ƙasa, sai abin ya dawo mini. Litinin ɗin da la'asar ya shigo da wani abu a kafaɗa, ina sa zare a allura. Ya tsaya bakin ƙofar ɗakina yana cewa Tsohuwa ta fara auna Dogo da ido, shekara shida ba zumunci ne ya hana su ba, kowa na tsoron bakin ɗan'uwansa ne, yanzu kuma ita ta fi shi. Ya ce gobe in ya rage ruwa zai yi abin da ya kamata. Na tuna amsar da na ba shi ma. Na ce masa ya matsa, yana tare mini haske.

A shago haka suke kiran gilashin tsakiya, daga baya na ji a bakin ma'aikatansa. Raba. Na ofis, na banɗaki, na kanti, duk sunansa ke nan. Shekara talatin da ɗaya ina auren mai gilashi, ban taɓa zama a shagonsa na minti goma ba. Da a ce na aika an kira ɗaya daga cikinsu ya shigo falon nan sau ɗaya, da ya kalli siraran nan biyu da nake kankarewa ya gaya mini. Sun zo dubiya asibiti, sun zo ƙofar gida, ni ce nake tsayar da su a waje ina cewa yana hutawa, don ba na son takalmansu a kan kafet.

Na kwashe Dogo da hannuna, na naɗe shi a bargon. Na rage ruwan zuwa rabi, na zuba sabo. Sannan na hau kujera, na ɗaga gilashin, na saita shi tsakanin siraran nan. Ya sauka da kansa a hankali har ƙasa, ba ko girgiza, ba gibin da allura za ta shiga. Tsohuwa na dama, inda ya rubuta. Hagu ba komai sai ruwa da kumfar injin.

Na sauko na durƙusa gaban kekensa, na kama hannunsa mai rai.

"Na raba su, Baban Auta," na ce. "Ga shi can, duba. Ya shiga daidai. Na ji ka yanzu."

Ya kalli gilashin na ɗan lokaci. Sai ya zare hannunsa daga nawa, a hankali, ya juya fuska bango.

Yau wata biyar ke nan. Yana shan magani in na ba shi, yana haɗiye abinci in na sa masa a baki. Likitar gashi ta zo ranar Alhamis ɗin makon da abin ya faru, ta juya kekensa wajen tanki, kansa bai ɗago ba. Ta tambaye ni ko an samu sabuwar kalma. Na ce mata tsohuwar ma ta tafi. Ta ci gaba da murza masa yatsu, bayan wata biyu ta rage zuwa sau ɗaya a mako.

Auta ta ce a sayo wani yauni, an sayo ƙarami aka sa a hagu, ko kallo bai ishi Baban Auta ba, na sa aka mayar. Yaya Babba ya ce a fasa tankin a jefar da muguwar, na ce ba mai taɓa ta. Ba ita ta taka birki ba, ba ita ta hana kanta abinci ba. Ni nake ciyar da ita kullum da safe, kuma har yau in na ɗora kifayen a katako sai in tarar hannuna ya ware su gida biyu kafin in tuna.

Nakan zauna kusa da shi da rana, in bar ɗinkin. Na gaya masa ya zage ni in yana so, ya faɗi ko me ya zo bakinsa, zan saurara har ƙarshe. Wani lokaci ni nake faɗa masa kalmar, a hankali, in ware baki yadda likita ta nuna mini don ya kwaikwaya. Yakan bar ni in yi ta faɗa har in gaji, sai in tashi in ɗora masa ruwan wanka.